VINCE LOMBARDI: ƊAN MAHAUCIN DA YA DAƊE YANA JIRAN KUJERAR KOCI

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo wanda su can suka fi so da kowane wasa. Ba irin ƙwallon ƙafarmu ba ne. Ya fi kama da zari-ruga, don ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, ana sungumarsa da hannu a ruga, ko a jefa wa wani, abokan karawa kuwa su tare mutum su kayar. Mutum 11 ne kowane gefe. Ana fara kakar wasan cikin watan Satumba, a ƙare cikin tsananin sanyin hunturu.

To, da zarar an ƙare kaka sai wani wasan kuma ya tashi a ofisoshi da shafukan jaridu. Ƙungiyoyin da suka sha kashi su sallami masu horar da 'yan wasansu, wato kociyoyi, sa'an nan a shiga neman waɗanda za su gaje su. Nan ne jita-jita take cin kasuwarta. Yau a ce an ga wane a filin jirgin saman gari kaza, gobe a ce wane ya gana da masu ƙungiya kaza a asirce, jibi kuma a ce maganar ta lalace. Yau ƙungiyoyi 32 ne a babbar gasar ƙasar wadda ake kira NFL, amma a 1959 guda 12 ne kacal. Kujera 12 ke nan ga dukan ƙasar. Cikin wannan shekara aka ɗauki wani mutum wanda har yau idan za a ba da misalin zaɓen koci da ya yi albarka, da shi ake farawa. Sunansa Vince Lombardi.

ASALINSA

An haifi Lombardi ran 11 ga watan Yuni 1913 a Brooklyn ta birnin Niu Yok. Iyayensa 'yan asalin kudancin Italiya ne, daga cikin dubban talakawan da suka ƙetare teku zuwa Amurka neman abinci. Ubansa Harry sana'ar nama yake yi, uwarsa Matilda kuwa 'yar gidan Izzo ce, gida mai yawan dangi. Shi ne babba cikin 'ya'ya 5. A zamanin nan ba a ɗaukar Italiyawa da daraja a Amurka. Ana ganinsu baƙi ne masu aikin ƙarfi, ana yi musu ba'a saboda harshensu da kamanninsu da ɗarikarsu ta Katolika. Duk wanda ya taɓa barin garinsu ya zauna cikin mutanen da suke kiransa da sunan ƙabilarsa maimakon sunansa na yanka ya san irin wannan zama.

Yana da shekara 15 ya shiga makarantar da ake shirya yara don zama limaman coci. Ya yi shekara 4 a ciki, sa'an nan ya ga hanyar ba tasa ba ce, ya fita. Amma ibadar ba ta sake shi ba, domin har ƙarshen ransa kusan kullum da safe sai ya je coci kafin ya tafi aiki. A 1933 ya sami shiga Jami'ar Fordham saboda iya wasa. Jikinsa bai kai na abokansa girma ba, sai dai taurin kai da juriya. Shi da sauran 'yan sahun gaba na ƙungiyar ta 1936 aka yi musu laƙabi da duwatsu bakwai, saboda wuyar ture su. Ya gama a 1937, lokacin da tattalin arzikin Amurka yake cikin matsi. Ya taɓa karatun lauya ya bari, ya taɓa aikin karɓar bashi, ya kuma yi wasa a wata ƙaramar ƙungiya don ɗan abin sa wa a baka.

A 1939 wani abokinsa na Fordham, Andy Palau, ya kira shi ya zama mataimakinsa a makarantar sakandare ta St. Cecilia a garin Englewood na jihar New Jersey. Can ya koyar da Latin da kimiyyar haɗa sinadarai da ta fizik, da yamma kuma ya horar da yara ƙwallo. Ya auri Marie Planitz a 1940, suka sami 'ya'ya 2. A 1942 ya zama babban kocin makarantar, ya kuwa mai da ƙungiyar abin tsoro a jihar. Abin da ya koya a ajin nan shi ya zama jarinsa daga baya: ya ɗauki abu guda ya yi ta maimaitawa a kan allo har sai wanda ya fi kowa jinkirin ganewa ya gane, sa'an nan a wuce gaba.

SHEKARUN MATAIMAKI

Daga 1947 ya koma Fordham yana horar da sababbin ɗalibai, a 1949 kuma ya tafi makarantar hafsoshin soja ta West Point a matsayin mataimakin Kanar Earl Blaik. Wurin Blaik ya ga yadda ake tsara aiki daki-daki, da yadda ake zama a kalli hoton majigin wasa ana mayarwa baya ana sake kallo har a gano kuskuren kowane ɗan wasa. A 1951 aka kama ɗalibai da satar jarrabawa, aka kori kimanin 90, yawancin 'yan wasan ƙungiyar na ciki, har da ɗan Blaik na cikinsa. Blaik bai gudu ba, Lombardi ma ya tsaya tare da shi, suka sake gina ƙungiyar daga tushe.

A 1954 ya shiga gasar ƙwararru, ƙungiyar Giants ta Niu Yok ta ɗauke shi mataimaki mai kula da ɓangaren kai hari ƙarƙashin Jim Lee Howell. Mai kula da ɓangaren tsaro kuwa shi ne Tom Landry. Mutanen nan biyu sun sha bamban, Lombardi mai hargowa da saurin fushi, Landry mai shiru kamar ruwan rijiya. A 1956 Giants suka ci kofin ƙasa, suka lallasa Bears ta Chicago da ci 47 da 7.

Duk da haka kujerar babban koci ta ƙi zuwa. Kowace shekara idan kaka ta ƙare sai ya rubuta takardun neman aiki zuwa jami'o'i, cikinsu har da Notre Dame da Wake Forest. Wasu su kira shi a gana, wasu ko amsa ba su bayarwa. Jaridu su ambaci sunansa cikin waɗanda ake tsammani, ƙarshe a ji an ba wani. Shi dai ya yi imani cewa sunansa na Italiyanci ne yake tare masa hanya, musamman a jami'o'in kudancin Amurka. Ga shi shekaru suna tafiya, waɗanda suka fara aiki a bayansa suna zama iyayen gida.

Akwai sa'ad da dama ta zo. Bayan kakar 1957 ƙungiyar Eagles ta Philadelphia ta yi masa tayin kujerarta, amma masu Giants, wato iyalin Mara, suka lallashe shi ya zauna, Eagles kuwa suka ɗauki Buck Shaw. Ran 28 ga Disamba 1958 Giants suka kara da Colts ta Baltimore a wasan ƙarshe, aka tashi kunnen doki, aka ƙara lokaci, Colts suka ci 23 da 17. Miliyoyin mutane sun kalli wasan nan ta talabijin, daga ranar ne kuma gasar ƙwararru ta fara shiga zuciyar Amurkawa sosai. Makonni kaɗan bayan haka Kanar Blaik ya ajiye aiki a West Point. Lombardi ya sa rai, amma makarantar ta fi son tsohon ɗalibinta, ta ba Dale Hall.

YADDA GREEN BAY TA ɗAUKE SHI

Green Bay ƙaramin gari ne a jihar Wisconsin, can arewa wajen sanyi, mutanensa a lokacin ba su kai dubu 70 ba. Ƙungiyarsu mai suna Packers, wadda Curly Lambeau ya kafa a 1919, ba ta da attajiri guda mai ita. Mutanen gari ne suka sayi hannun jari suka mallake ta, har yau kuwa haka take. Saboda haka wani kwamiti na 'yan kasuwa da lauyoyin gari ne yake tafiyar da ita, kowa da bakinsa cikin aikin koci. Tun 1947 rabon da ƙungiyar ta gama kaka da nasarori fiye da faɗuwa. A 1958 ƙarƙashin Ray McLean wasa 1 kacal ta ci, ta faɗi 10, ta yi canjaras 1. 'Yan wasan wasu ƙungiyoyi har tsoro suke yi kada a sayar da su can.

Da McLean ya sauka sai jita-jita ta cika gari. Wasu suna ta kiran a dawo da tsoho Lambeau. Kwamiti kuwa ya fi son Forest Evashevski, kocin Jami'ar Iowa, wanda sunansa yake tashe a lokacin. Evashevski ya zo ya duba, ya ce shi dai yana nan inda yake. To, a ofishin ƙungiyar akwai wani saurayi mai farautar 'yan wasa, Jack Vainisi, shi ma ɗan asalin Italiya. Shi ne ya yi ta cusa sunan Lombardi ga shugaban ƙungiyar, Dominic Olejniczak. Aka tambayi manyan wasan irin su Paul Brown na Cleveland da George Halas na Chicago da Bert Bell shugaban gasar, duk suka yi masa kyakkyawar shaida.

A nan ne Lombardi ya nuna shekarun jiran nan ba su tafi a banza ba. Ko da yake ya matsu da son kujerar, bai karɓe ta hannu bibbiyu ba sai da ya kafa sharaɗi. Ya nemi a haɗa masa koci da babban manaja, ya zama shi yake ɗaukar ɗan wasa, shi yake sallama, shi yake yanka albashi, kwamiti kuwa ya tsaya ga harkar kuɗi. Ya lura cewa abin da ya kashe waɗanda suka gabace shi shi ne jirgi ɗaya matuƙa goma. Kwamiti ya yarda. A ƙarshen Janairu 1959 aka ba shi kwantaragin shekara 5 kan dala dubu 36 a shekara. Yana da shekara 45, bai taɓa riƙe babbar kujera sama da ta makarantar sakandare ba, mutanen Green Bay da yawa kuwa ba su taɓa jin sunansa ba.

AIKINSA A GREEN BAY

Abin mamaki shi ne, yawancin 'yan wasan da ya ci kofuna da su ya tarar da su a can, Vainisi ya riga ya tara su. Akwai Bart Starr, mai rabon ƙwallo, wanda ake ganin ba zai yi abin kirki ba. Akwai Paul Hornung wanda aka yi ta sauya masa wuri har ya fara tunanin barin wasa, da Jim Taylor da Forrest Gregg da Jerry Kramer da Ray Nitschke. Lombardi ya zauna ya kalli hotunan wasannin 1958 ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowa inda ya dace da shi. Ya kawo horo mai tsanani wanda har ƙarti suke zubewa don gajiya. Ya sa tara ga mai makara, har ya zama al'ada a ƙungiyar mutum ya iso minti 15 kafin lokacin da aka yanka. Dabarunsa ba su da yawa. Akwai wata guda da aka san shi da ita, inda masu tsaron gaba biyu suke fita gefe da gudu su share hanya mai ɗauke da ƙwallo ya bi bayansu. Abokan karawa sun san ita za a yi, amma an maimaita ta a fagen horo har ta zauna daram, tare ta ya gagara.

Wasansa na farko a 1959 Packers suka ci Bears 9 da 6, 'yan wasa suka ɗauke shi a kafaɗa. Suka gama kakar da ci 7 faɗuwa 5, aka zaɓe shi gwarzon koci na shekara. A 1960 suka kai wasan ƙarshe, Eagles ta Buck Shaw, ƙungiyar nan da ya ƙi karɓa, ta ci su 17 da 13. Daga wannan bai sake faɗuwa a wasan neman kofi ba har ya mutu. Vainisi kuwa bai ga amfanin shukarsa ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Nuwamba 1960 yana da shekara 33.

Cikin wannan lokaci jita-jita ta sake tashi. Howell zai sauka daga kujerar Giants, iyalin Mara kuma suna son Lombardi ya komo gida. Shi da matarsa duk hankalinsu yana Niu Yok, nan danginsu suke. Amma akwai sauran shekaru a kwantaraginsa, shugabannin Packers kuwa ba su yarda su sake shi ba. Ya haƙura ya cika alkawari, Giants suka ɗauki Allie Sherman. Ran 31 ga Disamba 1961 sai ga Giants ɗin a Green Bay a wasan ƙarshe, Packers suka ci su 37 da nema. A 1962 aka sake haɗuwa a Niu Yok, suka sake cin su 16 da 7. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

Wani abin da ya kamata a tuna da shi shi ne yadda ya riƙe baƙaƙen fata. Sa'ad da ya iso Green Bay, garin kusan duk farare ne, baƙin ɗan wasa ma da ƙyar yake samun gidan haya. Ya zo da Emlen Tunnell daga Giants, ya sayo Willie Davis daga Cleveland a 1960, ya ɗauki Willie Wood wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, sa'an nan Herb Adderley da Dave Robinson. Ya sanar da masu gidajen abinci da mashaya na gari cewa duk wanda ya ƙi karɓar ɗan wasansa guda saboda launin fata, to ya hana dukan ƙungiyar shiga wurinsa. Da suka je wasa jihar Georgia inda doka ta hana farare da baƙaƙe kwana a masauki ɗaya, sai ya kai su barikin soja na Fort Benning suka sauka tare. Wanda ya ɗanɗani wulakanci saboda asalinsa, ga shi ya sami iko ya hana a yi wa na ƙarƙashinsa.

Ba a ce ba shi da aibu ba. Mutum ne mai zafin rai, yana yi wa ƙato tsawa a gaban jama'a har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ko da yake yakan koma daga baya ya dafa kafaɗarsa. Wajen albashi kuwa hannunsa a damƙe yake. Iyalinsa ma sun ɗanɗana, domin aikin ya cinye shi, matarsa ta yi fama da kaɗaici a garin da ba ta da kowa.

Daga 1965 zuwa 1967 ya ci kofi sau 3 a jere. Na farko sun ci Browns ta Cleveland 23 da 12. Na biyu sun ci Cowboys ta Dallas, wadda tsohon abokin aikinsa Landry yake horarwa, 34 da 27, sa'an nan ran 15 ga Janairu 1967 suka ci Chiefs ta Kansas City 35 da 10 a wasan Super Bowl na farko. Na uku shi ne wanda ba a mantawa. Ran 31 ga Disamba 1967 aka sake haɗuwa da Dallas a Green Bay, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri. Wayoyin lantarkin da Lombardi ya sa aka binne don ɗumama fili suka ƙi aiki, ƙasa ta daskare kamar siminti, usur ya manne a leɓen alƙalin wasa. Saura daƙiƙa 16 a tashi Dallas suna gaba, sai Starr ya rungumi ƙwallo ya kutsa ta bayan Kramer ya faɗa raga, Packers suka ci 21 da 17. Bayan mako 2 suka ci Raiders ta Oakland 33 da 14 a Super Bowl na biyu. Kofi 5 ke nan cikin shekara 7.

ƘARSHENSA

A Fabrairu 1968 ya sauka daga kujerar koci saboda gajiya, ya miƙa wa mataimakinsa Phil Bengtson, ya riƙe manaja kawai. Bai daɗe ba ya gane zaman ofis ba nasa ba ne. Duk kakar nan yana zaune a ɗakin 'yan jarida yana kallon ƙungiyarsa tana faɗuwa, ba damar ya sauka fili. Mutumin da a da yake rubuta takarda ba a amsa masa, yanzu shi ake bi, duk kujerar da ta faɗi sai an ambaci sunansa. A Fabrairu 1969 Packers suka sake shi, ya tafi ƙungiyar birnin Washinton, wadda a lokacin ake kira Redskins, tun 2022 kuwa ake kiranta Commanders. Shugabanta, lauya Edward Bennett Williams, ya ba shi abin da Green Bay ba ta da ikon bayarwa, wato kashi 5 cikin 100 na hannun jarin ƙungiyar.

Can ma bai ɓata lokaci ba. Ya lura wani sabon ɗan wasa, Larry Brown, yana makara wajen tashi idan an ba da umarni, ya sa aka duba shi, ashe kunnensa ɗaya ne ba ya ji. Aka sa masa na'urar ji cikin hular kwano, yaron ya zama gwani. Suka gama kakar 1969 da ci 7, faɗuwa 5, canjaras 2, karo na farko tun 1955 da ƙungiyar ta ga irin wannan.

Cikin watan Yuni 1970 aka kwantar da shi a asibitin Jami'ar Georgetown, likitoci suka sami ciwon daji a hanjinsa. Ya rasu ran 3 ga Satumba 1970 yana da shekara 57. Aka yi jana'izarsa a babban cocin St. Patrick na Niu Yok, dubban mutane suka cika titi. A shekarar aka sa wa kofin Super Bowl sunansa, a 1971 kuma aka shigar da shi zauren tunawa da gwanayen wasan. Cikin shekara 10 da ya yi yana babban koci ya ci wasa 96 na kaka, ya faɗi 34, canjaras 6, ba kuwa kakar da faɗuwarsa ta fi cinsa yawa.

Maganar wa ake kira a gana da shi da wa ake tsallakewa ba ta mutu tare da shi ba. A 2003 gasar NFL ta kafa doka mai ɗauke da sunan Dan Rooney, mai ƙungiyar Steelers ta Pittsburgh, wadda ta wajabta wa kowace ƙungiya mai neman babban koci ta gana da ɗan tsirarun jinsi kafin ta yanke shawara. Duk shekara kuma, ƙungiyar da ta ci gasa kofin da ke ɗauke da sunan ɗan mahaucin nan na Brooklyn take ɗagawa.